Tsami da kanwa: abin da lambar pH ke faɗa mana game da tukunya, jini da gona

Hausawa na cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Wanda ya fara faɗin wannan magana bai zauna bisa bencin lakwal ba, amma ya taƙaita babi guda na darasin shimi da ɗiyanmu ke koyo a kwalej, wato babin asid da baz. Mun ɗauko shi yau saboda maganar ba ta tsaya ga allon aji ba. Ita ce ke bayyana dalilin da ya sa manomi zai zuba buhun takin zamani hatsinsa ya ƙi tashi, da dalilin da ya sa yaro mai zawo ke numfashi sama-sama, da kuma abin da ya kamata a yi in yaro ya sha sodar sabulu. Duk waɗannan lamba guda ce ke haɗa su, lambar da ake rubutawa pH, ƴan lakwal na karanta ta "pe-ash".

Gida biyu masu kishi da juna

Mu fara daga madafa. Lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nono da binegar duk ƴan gida ɗaya ne, gidan tsami. Masana na kiran su asid. Kowanne da irin nasa: na lemun tsami sunansa sitrik, na tsamiya tartrik, na nono laktik, na binegar kuma asetik. Har cikinmu ma yana yin nasa mai ƙarfi, wanda yake narkar da abinci da shi. Abin da ya haɗa su shi ne, in sun shiga ruwa suna sakin wani ɗan ƙanƙanin abu da ido ba ya gani, ana ce masa iyon na idrojen, ana rubuta shi H+. Yawan wannan abu cikin ruwa shi ne harshenmu ke ji ya ce tsami.

Gida na biyu shi ne na kanwa, da ruwan toka, da bikarbonat, da sabulu, da ruwan jabel, da sodar da mata ke dafa sabulu da ita. Su ne baz. Suna da ɗaci-ɗaci, kuma in an taɓa ruwansu sai a ji santsi ga yatsu. Aikinsu shi ne kama H+ ɗin nan da asid ya saki. Shi ya sa in su biyun suka gamu, kowa sai ya kashe kaifin ɗan'uwansa, abin da zai rage shi ne ruwa da wani irin gishiri.

Kanwar da ake haƙowa a kwarurrukan Manga da Dallol Boso, mafi yawanta karbonat ne da bikarbonat na sodiyom, gauraye da gishiri da ƙasa. In mace ta jefa ta cikin miyar yakuwa sai kumfa ya taso. Kumfan nan iska ce, gaz karbonik, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, kuma shaida ce cewa kanwa ta kama tsamin yakuwa.

A nan akwai abin lura. Asid suna suka tara. Na lemun tsami mai rauni ne, kaɗan yake saki daga cikin H+ ɗinsa, sauran ya riƙe. Na cikin batirin mota kuwa, wato asid sulfurik, da zarar ya shiga ruwa sai ya saki nasa da yawan gaske, shi ya sa yake huda tufa ya ƙone fata. Haka baz: bikarbonat mai sanyin hali ne, soda kuwa tana cin nama.

Tsani daga 0 zuwa 14

Harshe ba ma'auni ba ne, kuma ba mai hankalin da zai lasa ruwan batir don ya san ƙarfinsa. A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Soren Sorensen, yana aiki a ɗakin bincike na Carlsberg a birnin Kopenhag, ya fito da hanyar rubuta yawan H+ da lamba guda mai sauƙin riƙewa. Ita ce pH.

Ku ɗauke ta kamar tsani mai hawa daga 0 zuwa 14. Tsakiya, wato 7, mazaunin ruwa tsantsa ne, ba tsami ba kanwa. Daga 7 in ana sauka ƙasa, tsami ne ke ƙaruwa. In ana hawa sama, ƙarfin baz ne ke ƙaruwa. Wato dai ƙaramar lamba ita ce mai yawan tsami, kar a juya. Ruwan batir yana ƙasa da 1. Ruwan cikinmu yana tsakanin 1,5 da 3,5. Lemun tsami wajen 2. Nono wajen 4 zuwa 4,5. Madarar da aka tatso yanzu wajen 6,6. Jinin mutum 7,4. Ruwan bikarbonat ya ɗan wuce 8, ruwan kanwa wajen 10, jabel ya haura 11, soda kuma 13 zuwa 14.

Ga inda mutane da dama ke ruɗewa. Tsakanin hawa ɗaya da na kusa da shi, ninki goma ne. Kamar ƙara sifili ne a bayan kuɗi: jika 1, jika 10, jika 100. Ruwa mai pH 5 ya fi mai pH 6 yawan H+ sau 10, mai pH 4 kuma ya fi shi sau 100. Lemun tsami ya fi ruwa tsantsa sau wajen 100 000. To in malamin gona ya ce ƙasarka ta sauko daga 6 zuwa 5, kar ka ce ai lamba ɗaya ce kaɗai. Tsaminta ya ninka goma.

Madara misali ce mai kyau ta yadda lambar ke tafiya. In an ajiye ta a ƙwarya, ƙwayoyin halitta na cinye zaƙin da ke cikinta su mai da shi asid laktik. Lambar sai ta yi ta sauka daga 6,6, in ta kai wajen 4,6 madara ta yi barci, ta zama nono. A wannan tsamin ƙwayoyin cuta da yawa ba sa iya yaɗuwa, shi ya sa nono ke kwana madara ba ta kwana. Amma fa a kula, tsamin nono ba ya tsarkake ruwan ƙazanta da aka dama fura da shi.

Yaya ake aunawa?

Hanya mafi tsufa ita ce ta launi. Akwai abubuwan da ke sauya kala gwargwadon tsamin da suka tarar, kuma ɗaya daga cikinsu yana kowace kasuwa tamu: zoɓo. A jiƙa shi a tace, a raba ruwan kofi uku. Na farko a matsa masa lemun tsami, zai ƙara ja jawur. Na biyu a bar shi. Na uku a zuba masa ruwan kanwa, za ku ga jan ya mutu, ya koma duhu mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Kurkum ma haka yake: rawaya ne, amma in ya gamu da sabulu ko kanwa sai ya koma ja. Malamin da ba shi da kayan gwaji a lakwal ɗinsa zai iya nuna wa ɗalibai darasin nan duka da zoɓon dala goma.

Da wannan dabarar aka yi takardar awon pH. Ƴar siririyar takarda ce da aka jiƙa da irin waɗannan sinadarai. Ana tsoma ta cikin ruwan, a dubi kalar da ta ɗauka, a gwada da jerin kalolin da ke jikin kwalinta, kowace kala da lambarta. Ba ta da tsada, sai dai kusan-kusan take faɗa.

Mai son lamba daidai sai ya nemi na'ura. A 1934 wani Ba'amurke mai suna Arnold Beckman ya ƙera na'urar lantarki don masu sarrafa lemun tsami na jihar Kaliforniya su riƙa auna tsamin ruwan lemunsu. Jikokin wannan na'ura ne yau ke asibitoci, da ma'aikatun ruwa, da ɗakunan binciken ƙasa. Akwai ƙanana kamar biro, ana tsoma bakinsu a ruwa lamba ta fito. Amma kafin a yarda da abin da na'urar ta faɗa, dole a saita ta da wasu ruwaye na musamman da lambarsu ba ta motsi, galibi mai 4 da mai 7. Waɗannan ruwaye su ake kira tampon, kuma su ne zuciyar bayaninmu na yau.

Tampon, ko bankin cimaka na tsami

Duk wanda ya zauna ƙauye ya san bankin cimaka. Da kaka, lokacin da hatsi ya yi yawa, banki na saye ya ajiye. Da bazara ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, sai ya fito da shi ya sayar. Saboda haka farashi a garin ba ya faɗuwa warwas, ba ya kuma tashi ya fi ƙarfin talaka.

Haka tampon yake yi da H+. Haɗi ne na asid mai rauni da baz ɗin da ke abokin tafiyarsa, suna zaune cikin ruwa ɗaya. In an zubo tsami daga waje, baz ɗin ya kama shi ya ajiye. In an zubo baz, asid ɗin ya saki H+ ya cike giɓin. Lambar pH sai ta ɗan motsa kaɗan kawai. Ɗigo kaɗan na asid mai ƙarfi na iya sauko da ruwa tsantsa daga 7 zuwa 3, amma ɗigon nan a cikin tampon da ƙyar za a ga alamarsa.

Sai dai kowa ya sani, bankin cimaka yana da iyaka. In fari ya yi tsanani aka kwashe magazen, farashi zai tashi ba mai tare shi. Tampon ma in aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, yana ƙarewa, lambar ta zube lokaci guda. Ku riƙe wannan, domin shi ne ke faruwa a jikin marar lafiya, shi ne kuma ke faruwa a gonakinmu.

Jininmu

Jinin mai lafiya yana tsakanin 7,35 da 7,45, ko ya sha kunun tsamiya ko ya sha kunun kanwa. Babban tampon ɗin da ke riƙe shi a nan shi ne bikarbonat da gaz karbonik da ke narke cikin jini. Huhu da ƙoda ne ke kula da wannan banki. In tsami ya yi yawa, huhu na ƙara saurin numfashi ya fitar da gaz karbonik cikin mintoci. Ƙoda kuma a hankali, cikin awoyi ko kwanaki, tana zubar da tsamin ta fitsari ta maido da bikarbonat.

Zawo mai tsanani yana kwashe bikarbonat daga jiki tare da ruwa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon suga da ya ɓaci su kuma suna ƙara yawan asid cikin jini. Shi ya sa in kun ga yaro marar lafiya yana jan numfashi mai zurfi da sauri, jikinsa ne ke kokawa da tsamin da ya fi ƙarfin tampon ɗinsa. Wannan alamar haɗari ce, a kai shi likita nan take, ba a jira safe. Ƙunshin gishiri da sukari na SRO da ake bayarwa a likita, wanda ake damawa cikin litar ruwa 1, ban da gishiri da sukari yana ɗauke da giram 2,9 na sitrat, wanda jiki ke mayarwa bikarbonat. Don haka a dama shi yadda aka ce, kar a rage ruwa kar a ƙara.

Daga nan za ku gane cewa saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, wai a sha kaza don a mai da jini baz a kashe cuta, ba su da tushe. Jiki ba ya barin abinci ya sauya lambar jini. Kanwa tana kashe tsamin da ke cikin tumbi, ƙwannafi ya lafa, gaskiya ne. Amma tana cike da sodiyom kamar gishiri, yawanta na tada hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciya ga masu haihuwa. Uwar gami ce, amma kaɗan ake sawa.

Ƙasarmu ta jigawa

Yanzu mu je gona, inda maganar ta fi shafar aljihu. Mafi yawan shuke-shuke sun fi jin daɗin ƙasa mai pH tsakanin 6 da 7. Hatsi yana da haƙuri, yana jure ƙasa da haka, amma haƙurinsa ma da iyaka. Ƙasar jigawa da muke noma a kudancin Nijar, wurare da yawa tsaminta ya riga ya sauko wajen 5 zuwa 5,5, wani wurin ma ƙasa da haka.

In lambar ta sauka ƙasa da 5,5 abu biyu ke faruwa. Na farko, alminiyom da ke kwance cikin ƙasa, ƙarfen nan marar nauyi da ake zuba tukwane da shi, yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, saiwar ta kasa nutsawa neman ruwa. Na biyu, fosfor, abincin da ƙasarmu ta fi rashi, yana maƙalewa jikin alminiyom da ƙarfe, shuka na ganinsa ba ta iya ci. Manomi ya biya kuɗin taki, ƙasa ta kulle shi.

Me ke ƙara tsamin? Takin ure, in ya shiga ƙasa, ƙwayoyin halitta na sarrafa shi, kuma cikin wannan aikin suna sakin H+. Sannan duk kaka muna kwashe kara kakaf, na dabbobi, na darni, na wuta. Karan nan yana tafiya da kalsiyom da potasiyom da shuka ta zuƙo daga ƙasa, su ne kuwa ke tare tsami. Tampon ɗin ƙasa yana cikin laka da ruɓaɓɓen ganye da taki. Jigawa rairayi ce, lakarta kaɗan, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wato bankinta ƙarami ne, ba ya jimawa ya ƙare.

A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an yi gwaji na shekaru tun daga shekarun 1980. Fegin da aka riƙa zuba wa takin zamani shi kaɗai tsaminsa ya ƙaru. Wanda aka haɗa masa takin zamani da barin kara a ƙasa, tsamin bai kai haka ba, kuma shi ya fi ba da hatsi. Karan da aka bari yana kuma tare ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da kalsiyom. Darasin shi ne takin zamani yana son abokin tafiya: takin dabbobi, takin gida da aka ruɓar, kara, da ganyen gawo da sauran itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram ke raya wa a gonakinsu. Sa taki kaɗan a gindin shuka, kamar giram 6 na 15-15-15 a kowane rami, ya fi watsa shi ko'ina. Dutsen fosfat na Tawa kuma, da yake tsami ne ke narkar da shi, ya fi aiki a irin wannan ƙasa.

Toka kaɗan tana rage tsami, haka garin farin dutse irin wanda ake siminti da shi a Malbaza. Amma kar a gauraya su da ure lokaci guda, ƙarfin takin zai bi iska. Kar kuma wani ya ce tunda kanwa na kashe tsami bari ya zuba ta a gona. Sodiyom ɗinta yana toshe ƙasa, ta daskare ruwa ya kasa shiga. Masu garka a fadamun da farin gishiri ke fitowa bisa ƙasa sun san wannan ciwon: su tasu lambar sama ta yi yawa, ta wuce 8,5, kuma toka ƙara musu ciwo za ta yi. Maganin wata gona dafin wata ne, shi ya sa awo ke gaba da magani.

Awon ba wuya. A ɗebi ƙasa wurare da dama na gonar, daga sama zuwa zurfin santimita 20, a gauraya, a shanya a inuwa. Awo 1 na ƙasa, awo 2 da rabi na ruwa tsantsa, a motsa, a bari rabin awa, a tsoma takarda ko na'ura. Ruwa tsantsan shi ne tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗin batir ba, a tambaya da kyau wurin saye. Ƙungiyar manoma na iya haɗa kuɗi ta sayi takardar, ko ta bi ta hannun malamin gona a aika da ƙasar ɗakin binciken INRAN a Yamai.

Hattara a cikin gida

Ƙarshen tsanin biyu, sama da ƙasa, duk wuta ne. Mata masu yin sabulu, don Allah kar a ajiye ruwan soda cikin gorar ruwan sha ko kwalbar lemu, domin fari ne kamar ruwa, yaro ba ya bambancewa. Wurin haɗawa, soda ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, ba a zuba ruwa kan soda. Masu gyaran batir ma haka: asid ke bin ruwa.

In tsautsayi ya sa yaro ya sha soda ko asid, kar a sa shi amai, domin abin zai sake ƙone maƙogwaro wurin fitowa. Kar kuma a ce za a kashe soda da lemun tsami ko asid da kanwa. Karin maganarmu a tukunya take aiki. A maƙogwaron da ya ƙone, gamuwarsu zafi take haifarwa ta ƙara ɓarna. A kwashe shi zuwa asibiti tare da kwalbar. In a fata ko ido ya zuba, a yi ta kwarara ruwa mai yawa har minti 20, sannan a tafi likita. Jabel kuma ba a haɗa shi da binegar ko maganin wankin masai mai asid, yana fitar da iskar klor mai shaƙe numfashi.

To jama'a, kafin ruwan shuka ya sauka, wanda ke da hali ya nemi sanin lambar gonarsa, ya kuma bar mata rabon karanta. Masu tambaya kan awon ƙasa su aiko mana, za mu miƙa wa malaman gona su amsa a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.